Sunan da Ban Kira ta Taga Ba

A unguwarmu ta Highbridge, a yankin Bronx, idan yamma ta yi, ta taga uwaye suke kiran 'ya'yansu. Mace za ta ɗaga gilashi, ta ɗora matashi a bakin tagar, ta kifa ƙirjinta a kai, ta buɗe maƙogwaro. Sai ka ji suna yana gangarowa daga hawa na shida har bakin titi, cikakke, har da na uba idan yaron ya yi laifi. Yawancin mutanen layinmu 'yan Dominika ne da 'yan Fotoriko, Sifaniyanci suke yi, kuma ba su san magana ƙasa-ƙasa ba. Ni ma ina da taga a hawa na biyar, ina da muryar da ba ta gaza tasu ba. 'Ya'yana biyu ne, duka mata. Sunan ƙaramar kaɗai nake kira. Idan ta ɗago kai sai in ce, "Ki ce wa waccan ta hawo."

Waccan ita ce 'yata ta fari.

A ƙarshen shekarun tamanin muka zo. Maigidana ya riga mu, yana aikin direba a wani ofishi a Manhattan, da ya sami wurin zama ya aiko mana. Babbar tana shekara bakwai, ƙaramar tana goye. Ya zaɓi unguwar ne don hayarta da sauƙi, kuma da ka shiga benen ka san dalili. Lif ɗin ranakun mutuwarsa sun fi na aikinsa yawa. Unguwar kanta a kan tudu take, wasu layukan ma ba titi ba ne, matattakala ce zalla, ka hau har gwiwarka ta yi kuka. Amma ban ƙi wurin ba. A shagon kusurwa akwai rogo, akwai doya, akwai wake da barkono mai zafin gaske. Akwai inda ake sayar da kaza da ranta, ka nuna wadda kake so a yanka maka. Tsofaffin maza suna baje tebur a bakin titi suna buga wasansu na ƙananan duwatsu, suna musu kamar za su yi dambe, sannan su tashi suna dariya. Na ce wa maigida, "Waɗannan ai mutanenmu ne, yare kawai aka canza musu."

Ni ba mai tsoro ba ce, kowa a benen ya shaida. Sanyinmu na farko mai kula da ginin ya bar mu kwana uku ba ɗumi, yarana suna kwana da takalmi. Na ɗauki muciya na sauka har ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ban iya Turanci ba, ban iya Sifaniyanci ba, da Hausa na wanke shi tas, ina buga muciyar a jikin bututun ɗumi. Ya kuwa gane. Kafin in hawo sama bututun ɗakinmu ya fara huci. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka nauyin baki gare ni. Bakina bai taɓa jin nauyin kowa ba, in ban da suna guda ɗaya.

Ni ma 'yar fari ce. Innata har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, ba ta taɓa ɗora ni a cinyarta ana kallo ba. Mu kiristoci ne, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, amma wannan kunyar ba ta tambayar addinin gida. Kuma ban taɓa kwana da shakkar ko tana ƙaunata ba. A ɗakin kakata na tashi. Ita ce mai kiran sunana tun daga bakin rijiya, ita ce mai yi mini kirari, goggonnina su goya ni, su tsokane ni. Inna kuwa tana gefe, kanta a sunkuye, sai dai idan na kai hannu ƙasan tuwona in tarar da tsokar nama a ɓoye. Duk yaran ƙauyen sun san ma'anar wannan. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani, a ido muka gani.

Da wannan na sauka a Bronx, kamar yadda na zo da kuka da daddawa a ƙulle cikin zani.

Bayan wata shida na sami aikin kula da wata tsohuwa a gidanta. Ƙaramar ina barinta wurin wata 'yar Zongo daga Kumasi, babbar kuma an rataya mata mabuɗi a wuya. Wata rana na dawo ban same ta a ɗaki ba. Na sauko da gudu ina dukan ƙofofi, sai na ji dariyarta a hawa na huɗu, a ɗakin da ke ƙarƙashin namu daidai. Ashe mabuɗin ne ya ɓata, ta zauna a matattakala tana kuka, matar ɗakin ta ɗauke ta. Na tarar da ita zaune a ƙasa tsakanin ƙafafun wata gajeriyar tsohuwa mai farin gashi, tana cin shinkafa da wake, tsohuwar tana taje mata kai. Mijin matar ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ita kuma ta gama ƙarfinta a kan keken ɗinki a wata masana'anta. Yaran benen duka Abuwela suke ce mata, wato kaka a yarensu.

Tsohuwar ta dube ni, ta nuna yarinyar, ta faɗi sunanta. Ta sake faɗa, tana jan ƙarshensa kamar mai tsotsar alewa. Sannan ta sumbaci tsakiyar kanta.

Wallahi daɗi na ji. A raina na ce, to, Allah ya ba ta kaka a ƙasar da ba mu da kowa. Abin da ya rage a gidana ya cika ke nan. Washegari na tuƙa tuwo na yi miyar kuka na kai mata. Ta buɗe kwanon, ta ga miya koriya shar tana yauƙi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ɗauki cokali ta cinye. Da ta dawo da kwanon akwai dafaffen rogo a ciki da albasa. Haka kwanon nan ya yi ta hawa da sauka shekara da shekaru, mu kuwa ba mu da yare ɗaya, sai hannu da ido da dariya.

Daga nan tagogi biyu suke kiran 'ya'yana. Ta biyar ta kira ƙaramar, ta huɗu ta kira babbar. Ni a ganina tsari ya yi kyau.

Abuwela ba ta ga haka ba. Wata Lahadi mun dawo daga coci, yarinyar tana shekara tara, ta sa farar riga, muka haɗu da tsohuwar a ƙofar bene, mutane cike a bakin titi. Ta rungume yarinyar tana ta surutu. Sai ta juyo ta kama hannuwana biyu, da ƙarfinta na masu ɗinki, ta zagaya su a jikin 'yata ta matse. Jikina ya sandare. Mutane suna kallo. Na yi dariya na zare hannuwana, na ce da Hausa, "Ke dai tsohuwar nan ba ki da ta ido." Na gyara ɗankwalina na shige. A matattakala na waiga, na ga yarinyar tana tsaye inda na bar ta, hannuwanta a ɗan ɗage, kamar wadda aka ce ta riƙe wani abu aka fasa ba ta.

Na gani da idona. Ban fahimta ba, ko kuma ban so in fahimta ba.

Nama ina ɓoye mata kamar yadda aka yi mini. Cinyar kaza a ƙasan shinkafarta, kullum. Wata rana ina tsaye a bakin murhu na ji ta tono cinyar, ta ce wa ƙanwarta da Turanci, "Mama ta yi kuskure, wannan kwanon naki ne." Ta tura mata, ta jawo ɗayan. Lokacin kunnena ya fara kama Turanci, na ji sarai. Na juyo na ce, "Kowa ya ci abin da aka ba shi." Iyakar abin da na ce ke nan. Na ɗauka wata rana za ta gane da kanta, tunda ni ma ba wanda ya gaya mini.

Tana shekara goma sha biyu aka kira iyaye makaranta. Maigida yana wurin aiki, ni na je, ita ce mai yi mini tafinta. Malamar wata doguwar baƙar fata ce mai fara'a. Ta baje takardu a tebur tana magana, yarinyar tana juya mini da Hausarta mai tsami, kanta a ƙasa.

"Ta ce ni ce ta ɗaya a ajin. Ta ce ba ta taɓa koyar da mai kaina ba. Ta ce ki yi alfahari da ni."

Daɗi ya cika ni. Amma uwa ba ta karɓar yabon 'yar fari da hannu biyu, a gaban baƙuwa, yarinyar tana zaune. Na kawar da kai na ba da amsar da innata za ta bayar.

"Ki ce mata ba wani abin kirki ta iya ba. A dai ci gaba da haƙuri da ita."

Yarinyar ta dube ni. Na ce, "Faɗa mata mana." Ta juya ta faɗa da Turanci, kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba. Da bakinta. Na ga fara'ar malamar ta ɗauke. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta tattara takardunta a hankali.

A hanyar gida muna hawan doguwar matattakalar nan ta layinmu, sai ta tsaya a tsakiya. Hausa tana ji, amma da Turanci take mayarwa.

"Mama, mene ne sunana?"

"Ba ki san sunanki ba?"

"Na sani. Ke nake tambaya."

"Ji mini rashin kunya. Wuce mu tafi, na bar wake a wuta."

Ta ci gaba da hawa. Da muka shiga bene ta tsaya a hawa na huɗu ta ƙwanƙwasa, ni na wuce sama.

Maigida ya yi mini magana, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ma da farko yana jin nauyin sunan, amma cike takardun ofis da na asibiti ya sa bakinsa ya saba.

"Nan fa ba gida ba ne," ya ce. "Yarinyar nan ba ta ga abin da kika gani ba. Abin da take gani shi ne matan layin nan suna lashe 'ya'yansu kamar kyanwa."

"To in zama kyanwa? Kai ka zubar da naka, ni ba zan zubar da tarbiyyar uwata a titin Bronx ba."

"Ki zaunar da ita ki yi mata bayani, ko sau ɗaya."

"In ce mata me? In ce ina ƙaunarki shi ya sa ba na kiranki? Wace uwa ce take faɗar wannan da baki?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Mutum ne da ba ya son doguwar magana, ni kuma na saba cin gardama. Na ci wannan ma.

Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga makaranta. Wurin aiki ne suka ce dole mai kula da tsofaffi ta iya karanta takardar magani. Ana koyar da manya ranar Asabar da safe a ƙarƙashin wani coci kusa da titin Grand Concourse. Muna zaune a kujerun yara, ni da matan Dominika da wasu 'yan Gambiya, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Fensir ya fi muciya wuyar riƙewa, na karya uku a makon farko. Da muka iya haruffa, malamin ya ce kowa ya rubuta sunayen mutanen gidansa. Na rubuta na maigida. Na rubuta na ƙaramar. Na tsaya. Na duba hagu da dama, kowa yana fama da nasa. Sai na sa fensir na rubuta nata.

Ba abin da ya faru. Ƙasa ba ta tsage ba. Ashe hannu ba ya jin kunyar da baki yake ji. Na zauna ina kallon sunan nan a takarda, sunan da ni na zaɓa tun tana ciki, na raɗa wa kakata ita ta faɗa wa maza. Ranar na cika shafi guda da shi. Daga baya na sayi littafi na daban. A jirgin ƙasa in rubuta, a gidan aiki idan tsohuwar ta yi barci in rubuta. Da sunanta na koyi rubutu, gaskiyar magana ke nan. Littafin kuma ina ɓoye shi a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, kamar cinyar kaza.

Ranar da ta gama sakandare aka kira ta gaban taro har sau uku. Duk kiran da aka yi sai Abuwela ta miƙe a kan gajerun ƙafafunta tana ƙwala sunan, tana kuka, tana gaya wa mutanen da ba su tambaye ta ba cewa yarinyarta ce. Ni ina zaune na kafa ido a kan cinyata, na damƙe bakin mayafina har farcena ya huda shi. A hoton da aka ɗauka a waje, tsohuwar tana rungume da ita, ubanta da ƙanwarta suna gefe, ni ina can ƙarshe, akwai tazarar mutum guda tsakanina da su. Hoton yana nan a bango. Ba wanda ya ture ni, ni na tsaya a wurin.

Jami'o'in cikin gari sun ba ta wuri. Ta zaɓi wadda sai an yi yini guda a mota. Ranar tafiyarta na soya mata nama na cika gwangwani, na tura ƙasan jakarta ba ta sani ba. A bakin mota na ce, "A kula da karatu. Ban da yawo." Ta ce to.

Benenmu ba ya ɓoye sirri, bututun ɗumi yana kai magana daga ɗaki zuwa ɗaki. Kowace Lahadi da la'asar sai in ji wayar ɗakin Abuwela ta yi ƙara, in ji tsohuwar ta ɗauka, ta ja sunan nan, ta fashe da dariya. Su yi ta hira da Sifaniyanci, don yarinyar ta iya shi fiye da Hausa. Ina zaune a kicin ina tsince shinkafa ina saurare. Idan sun gama, wani lokaci tamu ta yi ƙara, wani lokaci ba ta yi ba. In na ɗauka sai ta ce, "Mama, ina wuni. Baba yana nan?"

Na rubuta mata wasiƙu, da hannuna, ina alfahari. A ciki gaisuwa ce da gargaɗi. Amma a bayan ambulan sunanta ne ɓaro-ɓaro, na zauna na zana kowane harafi. Na ce za ta gani ta gane.

Ta gama, ta sami aiki a can, ba ta dawo ba.

Bayan wasu shekaru ciwo ya kwantar da Abuwela. 'Ya'yanta suna nesa, suna zuwa suna komawa. Ni na riƙa yi mata wanka, ina juya ta, ina ba ta magani, tunda aikina ne, yanzu kuma ina iya karanta takardar. Zuwa lokacin mun sami ɗan Turancin da muke haɗuwa a tsakiya, nata a karye, nawa a karye. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa ta kama wuyan hannuna. Ƙarfin ɗinkin ya tafi, saura ƙashi.

"Ke mace ce mai taurin kai," ta ce.

"Na sani."

"Kina sonta. Na gani. Nama a ƙasan shinkafa, na gani tun tuni."

"To ki gaya mata."

"Na gaya mata sau ɗari. Ta ce ni ce mai kirki, ina rufa miki asiri." Ta yi tari, ta huta. "Ni zan tafi. Wa zai kira ta?"

Na ce ta daina wannan magana, na ja bargo na rufe mata ƙafa. Bayan sati biyu ta rasu, da hantsi, ina riƙe da kofin shayinta.

Mutanensu kwana tara suke yi suna addu'a. Ɗakin ya cika da kyandir da furanni da mata masu baƙaƙen kaya. 'Yata ta zo ta yi kwana uku. Ta zama cikakkiyar mace, ta yanke gashinta, tana tafiya irin ta innata, abin da ba ta sani ba. Tare da 'ya'yan tsohuwar ta zauna a layin gaba, su suka jawo ta, kuma wurinta ne. Ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Ina bayanta, tazarar hannu ɗaya. Wata mata da ban sani ba ce ta dafa ta.

Ranar da za ta koma, da rana, ubanta ya fita nemo mata tasi, ƙanwarta tana wurin aiki. Muka rage mu biyu a kicin. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko littafin. Zuwa lokacin sun zama huɗu, na farkon na ɗauko, mai karkatattun haruffa. Na ajiye a gabanta.

Ta buɗe. Ta juya shafi, ta juya wani, ta juya har ƙarshe. Ta daɗe.

"Mene ne wannan?"

"Da shi na koyi rubutu."

"Yaushe?"

"Kina aji uku na sakandare."

"Ina gida ɗaya da ke ke nan. Ina kwana a bayan wannan bangon."

"A garinmu uwa ba ta kiran 'yar fari. Kunya ce. Girmamawa ce. Ni ma haka aka yi mini, kuma na san..."

"Baba ya gaya mini. Abuwela ma ta gaya mini, ban san inda ta ji ba." Ta rufe littafin. Muryarta ba faɗa a ciki, da ma faɗan ta yi, na iya wannan. "Na san al'ada ce, Mama. Na girma, na karanta, na gane. Amma wadda ta tsaya a matattakala ta tambaye ki, shekararta goma sha biyu. Ita ba ta gane ba. Ita kuma ba ta nan yanzu balle ki nuna mata littafi."

"Na rubuta a bayan wasiƙu."

"Kamfanin wuta ma yana rubuta sunana a bayan wasiƙa."

Na dubi littafin da ke gabanta. A ƙauyenmu kunyar nan tana da mutane kewaye da ita, kaka da goggo da maƙwabta, da sauran 'ya'yan fari da za ka duba ka ga ba kai kaɗai ba ne. Ni na ɗauko shirun kaɗai na hau jirgi da shi, na baro sauran a can. Na ajiye yarinya a layin da kowace taga take ihun sunan ɗanta, na ce ta gane.

Ta tura mini littafin a hankali. Na ce ta tafi da shi. Ta ce, "Naki ne." Ubanta ya danna ƙararrawa daga ƙasa. Ta ɗauki jakarta, ta ɗan rusuna kamar yadda na koya mata, ta ce, "Sai wani lokaci." Na ji takunta yana sauka. A hawa na huɗu ya tsaya jim, sannan ya ci gaba.

Na je taga na ɗaga gilashin. Sanyi ya bugi fuskata. Tana bakin titi, ubanta yana sa jakar a bayan mota, tsofaffin nan suna gefe da teburinsu. Na dafa bakin tagar da hannu biyu. Sau biyu na buɗe baki iska kawai ta fito. A na uku ya fita, da dukan muryar da Allah ya ba ni, har tsofaffin suka ɗago kai.

Ta juyo da sauri. Fuskarta ta buɗe, irin ta ranar da na same ta tana cin shinkafa da wake tana shekara bakwai. Amma ba ni ta duba ba. Tagar hawa na huɗu ta duba, inda aka saba kiranta. Tagar a rufe, an ja labule. Na ga hasken ya bar fuskarta kaɗan-kaɗan. Sannan ta ɗaga ido hawa ɗaya ta gan ni.

Mun daɗe muna kallon juna. Ubanta ya sunkuyar da kai. Ta ɗaga hannu, irin yadda ake yi wa maƙwabciyar kirki, ta shiga motar.

Na tsaya a wurin har motar ta gangara tudun ta ɓace. Matar tagar da ke fuskantar tamu, wadda ta san ni shekara goma, ta leƙo ta tambaye ni da Turanci wa nake kira, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Na ce 'yata ce. Ta ce, "Ai na ɗauka jikar marigayiya ce."

Yanzu ni nake buga mata waya ranar Lahadi da la'asar. Da ta ɗauka nake faɗar sunan, kafin gaisuwa, kafin komai. Har yau sai na dafa bango. Takan yi shiru kaɗan, kamar mai jiran wata muryar, sannan ta ce, "Ina wuni, Mama. Baba yana nan?"